Sawun da Aka Share a Kan Tsauni

Gari bai gama wayewa ba aka tsinci Mai Hoto kwance a gefen hanyar da ke hawa zuwa dandalin kallon fitowar rana. Kansa a fashe, rigar sanyinsa sharkaf da raɓa, kyamarar da kullum take rataye a wuyansa kuma babu ita babu dalilinta. Wasu baƙi ne, mata da miji, suka yi sammakon hawa, suka kusa yin tuntuɓe da ƙafarsa a cikin farin gajimaren da ke saukowa ya lulluɓe tsaunin kowace safiya. Ihun matar ne ya tashi masaukin baƙin da ke kan tsaunin.

Kafin a ɗauko shi a kan wani tsohon ƙyaure a kai shi ɗan ɗakin shan magani, duk mai neman abinci a kan tsaunin ya hallara, daga masu sayar da zuma da masu hayar babura har matan da ke wankin zannuwan gado. Mai Hoto nasu ne, a gabansu ya girma. Yana numfashi, amma bai san inda kansa yake ba. Manajar masaukin ta buga waya ƙasa, aka shaida mata ruwan da aka kwana ana tafkawa ya zubo da ƙasa a kan hanyar mota, ba motar asibiti ba ta 'yan sanda sai an kwashe, ƙila zuwa yamma.

Ba a daɗe ana tambayar juna ba, bakin kowa ya tsaya a kan mutum ɗaya: baƙon nan ƙato mai faɗa, wanda iyalinsa ke kira Tela.

Mai Sawu yana tsaye a bayan taron, dogare da sandarsa, ya ji an ambaci surukinsa. Shi dai ba da son ransa ma ya zo hutun nan ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gandun daji, yana bin sawun masu satar farauta da dabbobin da suka ɓalle da mutanen da suka ɓata, har sunan ya bi shi. Da ya yi ritaya sai ya koma zaman ƙofar gida, yana gardama da rediyo. Autarsa, wadda take aikin jinya, ita ta matsa lallai sai ya sha iska na 'yan kwanaki, mijinta Tela ya tuƙo su. Jiya da yamma kuwa, a dandalin kallo, Mai Hoto ya ɗauki Auta hoto tana dariya ba tare da ya tambaya ba, ya zo yana nuna musu da fara'arsa. Tela ya harzuƙa, ya caƙumi igiyar kyamarar, ya ce in ya ƙara zai fasa masa ita a ka. Babu wanda bai ji ba, har da shi Mai Sawu.

*

Manaja mace ce mai sanyin magana amma ba a taka ta. Da ta ga masu babura sun fara tattara hannun riga, sai ta ja Tela ofishinta ta murza mukulli, ta ce babu mai taɓa shi sai hukuma ta zo. Ta yarda Mai Sawu ya shiga don girman furfurarsa.

Tela yana zaune a kan kujerar da ta yi masa kaɗan, takalmansa caɓe-caɓe da jan laka. Mutum ne da muryarsa ke cika shago, amma a gaban surukinsa kullum kansa a ƙasa yake. Mai Sawu ya tambaye shi ko ya fita da asuba. Ya ce ya fita. Ina ya je? Shan iska. Iskar ina? Sai ya hau murza yatsunsa masu kanta saboda almakashi.

“Baba, wallahi ban taɓa yaron nan ba,” in ji shi.

“Ban ce ka taɓa shi ba. Cewa na yi ina ka je.”

Tela ya ɗago ido ya dubi taga. Auta ce ke wucewa da kwanon ruwan zafi, fuskarta ta kumbura don kuka, za ta je ta duba mutumin da ake cewa mijinta ya rotsa wa kai. Ya sake sunkuyar da kai.

Mai Sawu ya sa ya cire takalmi ɗaya. Ya juya shi ya dubi ƙasansa, ya ga dudduge ya ci ta gefen waje, ya ga wani ɗan yanka a tafin, sannan ya miƙa masa abinsa ya fita.

*

Abu ɗaya ruwan daren ya yi masa na alheri: ya wanke ƙasa tas, duk sawun da ke kanta na safiyar ne. Daga ƙofar ɗakin kwanansu ya fara. Sawun Tela ba ya ɓuya, faffaɗa ne mai nauyi kamar an dasa turmi. Ya bi shi ta gefen furanni, ya sauka matakala, ya miƙe sak ya nufi bakin hanyar dandali. Nan Mai Sawu ya tsaya ya hutar da gwiwarsa, ko da yake ba gwiwar ce ta tsayar da shi ba.

A daidai bakin hanyar taron jama'a ya tattake komai. Ya yi ta kewaya wurin a hankali, yana faɗaɗa da'ira, har ya sake tsinto dudduge mai ci ta waje a can hagu, inda babu hanya sai ciyawa. Sawun bai hau tsauni ba. Ya lanƙwasa ya zagaya bayan ɗakin wanki, ya tsaya a bayan babban tankin ruwa. A nan ƙasa ta dabe, alamar mutum ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa don sanyi. A gindin tankin ga guntayen sigari an murje su da takalmi an tura ƙarƙashin dutse, ga tsinken ashana da yawa da raɓa ta hana su kamawa.

Mai Sawu ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, sannan dariya ta ƙwace masa shi kaɗai. Bara aka yi bikin cewa Tela ya daina shan taba, bayan likita ya tsorata shi, Auta kuma ta rantse in ta sake jin warinta a gidanta sai ta kwashe kayanta. Ashe ƙaton nan gara a kulle shi da ya faɗi haka a gaban matarsa da ubanta.

Sai dai dariyar ba ta daɗe ba. Guntun sigari ba zai kashe wutar da ke ran mutanen tsaunin ba. Za su ce ya sha tabarsa sannan ya hau, ko ya hau ya dawo ya sha. Muddin ba a samo wanda ya yi ba, Tela ne ya yi.

*

A ɗakin shan magani ya tarar da Yayar Mai Hoto, wadda ke ba baƙi hayar rigunan sanyi a bakin ƙofar masauki. Ita ta raini ƙanen nata tun rasuwar iyayensu. Da farko ta ce matar azzalumi ba za ta taɓa mata ɗan'uwa ba, sai da ta ga jinin ya ƙi tsayawa sannan ta matsa gefe. Yanzu tana zaune a ƙasa riƙe da ƙafarsa, tana bin hannun Auta da ido kamar mai jiran ta yi kuskure.

Mai Sawu ya yi mata sannu, ya tambaye ta ko ƙanenta yana da abokin gaba. Ta ce ba shi da ko ɗaya sai wanda ya zo jiya da mota. Ya tambayi abin da ke fitar da shi da sassafe haka. Ta ce kullum yakan riga baƙi hawa, ya kama wuri mai kyau kafin rana ta ɓullo, wannan kowa ya sani. Daga nan ta juya masa ƙeya.

Auta ta biyo shi waje tana goge hannu. Ta rage murya ta ce raunin kan ba na sanda ba ne, ta ciro gansakuka da tsakuwa a ciki, a kan dutse ya faɗa. Kuma akwai wani dogon shaci siriri a bayan cinyarsa, ya yi baƙi, kamar abu ya doke shi ta baya da ƙarfi. Sannan ta riƙe hannun rigar ubanta, abin da rabonta da yi tun tana 'yar makaranta.

“Baba, ka gaya mini gaskiya. Shi ne?”

“Mijinki yana da laifi, amma ba wannan ba,” ya ce. “Koma ciki, yaron nan ya fi ni buƙatarki.”

A bakin ƙofar masauki ya tsaya wurin maigadi, wani dattijo mai son hira. Maigadi ya rantse bai ji ƙarar mota ko babur ba tun da ruwa ya ɗauke. Amma da aka ɗan ja shi da zance, ya waiga hagu da dama, ya ce ya ga Kuku, mai girkin masaukin, ya fice ta ƙofar baya da buhu a kafaɗa tun da duhu-duhu, ya dawo da hannu a naɗe da tsumma. Ya roƙi kada a ce daga bakinsa aka ji, don a hannun Kuku yake samun shayi.

*

Kuku ya ce ƙarya ake yi masa, tun asuba yana gaban murhu, hannun kuma wuƙa ce ta yanke shi. Yana maganar yana ƙoƙarin tura takalman robarsa ƙarƙashin tebur da ƙafa. Mai Sawu bai yi masa musu ba. Ya yaba ƙamshin girkinsa, ya fita ta ƙofar baya.

Sawun takalmin roba ya ja shi cikin kurmin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, inda aka kafa allo an hana farauta. Ƙasa a nan laushi gare ta, ƙamshinta kuma ya tuna masa da shekarun aikinsa, har ya manta da ciwon gwiwa. Sawun ya yi sama, ya nufi wajen da aka tsinci Mai Hoto. Amma kafin ya kai, sai ya karkata zuwa wani kwari, ya tsaya a bakin wani rami. Tarkon waya ne a ɗaure a jikin turke, ga gashin zomo, ga ɗigon jini a kan wayar inda ta yanki mai kwance ta cikin gaggawa. Gaba kaɗan ga wani tarkon, ga wani.

Da a zamanin aikinsa ne, da yau Kuku ya kwana a hannu. Ya tsittsinke wayoyin ya cusa a aljihu, ya zauna a kan kututture yana haki. Safiya ta tafi, ya kama mai shan taba a ɓoye da ɓarawon zomaye, wanda yake nema kuwa ko ƙeyarsa bai gani ba.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ya ɓullo kan hanyar dandali ta sama. Gajimare ya yaye, kwarin da ke ƙasa ya buɗe kore shar har iyakar gani, rafi yana walƙiya a tsakiya kamar zaren azurfa. Wannan ne abin da Auta ta kawo shi ya gani. Ko ɗaga kai bai yi sosai ba.

Da safe ya duba inda aka tsinci yaron, bai samu komai ba sai sawun masu ɗauka. Yanzu da ya zo ta sama, sai ya lura da abin da ya wuce shi. Hanyar a nan gangare ce mai kwana, kuma ɗan sama da inda yaron ya kwanta, ƙasar ta yi sumul fiye da kima. Ruwan sama yakan bar ƙananan ramuka a kan turɓaya. Nan babu su, sai siraran layuka a jere. An share wurin da reshe mai ganye. Ya leƙa ƙasan gangaren, ya hango reshen an jefar, karayarsa ɗanya.

To me aka share? Ya durƙusa da ƙyar, yana bin wurin da ido taƙi-taƙi. A nan ya gan su. Kiyashi ne, da zafin rana ya fito da su, sun yi layi daga cikin ciyawa sun taru baƙi ƙirin a wuri ɗaya a tsakiyar hanya, inda babu ko ɓurɓushin abinci. Ƙudaje ma sun fara sauka. Ya sa bakin sandarsa ya tone. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi danƙo, ta yi fari-fari. Ya ɗebo da yatsa ya kai hanci.

Madara ce, ta fara tsami.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya bi gefen hanyar yana duba inda tsintsiyar ganye ba ta kai ba. A bakin wata 'yar ɓarauniyar hanya da ta ratse ta bayan kurmi, ya ga shacin taya siriri, ba ya tafiya sak, yana 'yar rawa kamar ta maye. Kusa da shi sawun mutum ne yana turawa, ƙafar dama tana ɗingishi. Maigadi ya yi gaskiya da ya ce bai ji ƙarar inji ba. Keke ba ya ƙara.

*

Da ya koma kicin sai ya zaro wayoyin tarko ya ajiye a kan tebur kusa da albasa. Kuku ya dube su, ya dubi tsohon, jikinsa ya yi sanyi. Daga nan duk abin da aka tambaye shi amsawa yake har da ƙari.

Madara daga gonakin da ke can saman tsauni ake kawo ta, in ji shi. Mai Madara ne ke gangaro da ita a keke kowace asuba, garwa biyu a ɗaure a baya. Yau ya makara, kuma ta bayan kurmi ya ɓullo yana tura keken. Garwa ɗaya kawai ya sauke, ya ce ɗayar kuwa saniya ce ta shure ta tun a gona. Keken yana nan a jingine bayan rumbun itace, don tun da aka kawo Mai Hoto bai tafi ba. Ai shi da Mai Hoto aminai ne, tare suka yi wasan ƙasa. Shi ne ma ya kama gaban ƙyauren da aka ɗauko shi a kai.

Mai Sawu ya leƙa bayan rumbun. Ƙafar gaba ta keken ta lanƙwashe, wayar birki ta tsinke tana reto. Garwar da aka ce babu komai a ciki ta lotsa a gefe, an ɗaure murfinta tam da igiya. Ya ɗan girgiza ta, ya ji abu mai nauyi ya motsa a ciki. Bai buɗe ba. Ya je ya roƙi Manaja ta tara masa mutane a ɗakin cin abinci, ta sa a shigo da keken yadda yake.

*

Ɗakin ya cika har tagogi. Aka fito da Tela aka zaunar da shi kusa da Manaja. Yayar Mai Hoto ta tsaya a gaba, hannu a ƙugu. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, kunnenta ɗaya yana wajen majinyacinta. Mai Madara, wani siririn saurayi mai dogon wuya, yana can ƙarshen ɗaki jingine da bango. Tun da aka turo keken ya daina kallon kowa.

Mai Sawu ya ce shi baƙo ne, kuma surukin wanda ake zargi, don haka kada kowa ya yarda da bakinsa, a je a duba ƙasa, duk abin da zai faɗa yana nan a kanta. Ya fara da Tela. Ya faɗi inda sawunsa ya bi da inda ya tsaya, ya zaro guntayen sigari daga aljihu ya zube a faranti. Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka harare shi. Auta ta dubi farantin, ta dubi mijinta, ta gyaɗa kai a hankali irin na za mu haɗu. Tela ya yi tsuru-tsuru, gumi yana keto masa duk da sanyin.

Kuku kuwa, ya ce, ya fita, amma abin da ya fitar da shi tsakaninsa da Manaja ne, ba shi da haɗi da wannan magana. Kuku ya sauke numfashin da har na kusa da shi suka ji.

Sannan ya ba su labarin ƙasar da aka share, da kiyashi, da abin da ya tono. Ya ce babu wanda ya yi wa Mai Hoto kwanton ɓauna. Keke ne mai kaya ya gangaro cikin gajimare, birki ya tsinke a kan kwana, ya doke shi ta baya, ƙila ya tsaya ya juya ne, ya faɗa kan dutse. Wannan tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Abin da ya biyo baya shi ne ba tsautsayi ba.

Bai ambaci kowa ba. Ya juya ya dubi ƙarshen ɗakin, ya yi magana a hankali.

“Ɗana, ni zan kwance igiyar garwar nan, ko kai za ka kwance?”

Mai Madara ya taho yana ɗingishi, mutane suna buɗa masa hanya. Ya kwance ƙullin da haƙori. Ya zura hannu ya fito da kyamarar a naɗe cikin hularsa, ya ajiye a kan tebur, sannan ya zube a gaban Yaya.

Da kuka ya faɗi sauran. Ya ce da ya ga jini ya kira sunansa bai amsa ba, ya ɗauka ya kashe shi. Ya ja shi gefe, ya rufe madarar da ƙasa, ya share wurin, shi kansa bai san me yake yi ba. Sai ya ji muryar baƙi suna hawowa, ya ratse ta bayan kurmi. Sai da ya yi nisa ya ga igiyar kyamarar ta sarƙe a marikin garwa. Ya iso da niyyar faɗin gaskiya, ya tarar an riga an ɗora wa baƙo, bakinsa ya yi nauyi. Tun safe yake cewa yanzu zai faɗa, yanzu zai faɗa.

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Kowa ya zaci mari za ta kai masa.

“Da cokali ɗaya na ciyar da ku kai da shi,” ta ce. “Buge shi da ka yi ban riƙe ka ba. Amma ka bar mini shi a cikin raɓa, ka zo ka tsaya kusa da ni ina zagin bawan Allah, kana ji.”

Masu baburan da suka so fasa ofis da safe suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Ana cikin haka wata mai wanki ta leƙo ta ce wa Auta majinyacin yana motsi. Yaya ta riga kowa fita.

*

Mai Hoto ya buɗe ido kafin motar asibiti ta iso. Bai tuna komai ba sai cewa yana tafiya, ya tsaya ya juya yana gyara kyamararsa, sai ya ji iska a bayansa. Abin da ya fara tambaya kyamararsa ce, da aka sa masa ita a hannu ya lalubi gilashinta, ya ji bai fashe ba, ya koma barci. Auta ta ce alama ce mai kyau, amma sai an ɗauki hoton kan a asibiti, shi ma yau ya ji yadda ake ji.

Da aka buɗe hanya, 'yan sanda suka hau suka duba wurin da kansu, suka rubuta bayanin kowa, suka tafi da Mai Madara. Manaja ta ce za ta bi shi ta faɗi halinsa na kirki da ta sani, sauran kuma na hukuma ne. Kafin Yaya ta shiga motar asibiti, ta zo ta tsaya a gaban Tela, ta ba shi haƙuri. Tela, wanda bai iya karɓar ban haƙuri ba, ya rikice ya hau ba ta haƙuri shi ma a kan maganar jiya, har sai da direba ya danna musu odar mota.

Auta ta shiga ɗaki ta ce za ta ɗan miƙe bayanta, ko takalmi ba ta cire ba barci ya kwashe ta. Mai Sawu ya ja mata bargo, ya fito ya zauna a kan bencin da ke fuskantar kwari. Rana tana gangarawa, inuwar tsaunin ta miƙe a kan gonaki, tsuntsaye suna komawa kurmi. Sai yanzu ya ji yunwa, ya ji gwiwarsa tana zugi, ya ji kuma wani daɗi yana ratsa shi har ƙashi.

Tela ya zo da kofin shayi biyu, ya miƙa ɗaya da hannu bibbiyu, ya tsuguna a gefe. Mai Sawu ya buga bencin da tafin hannu, ya ce ya hau ya zauna, ƙasa da sanyi. Ya zauna a can ƙarshe, a ɗofane.

“Baba,” in ji Tela daga baya, “tun farko ka san ba ni ba ne, ko?”

Mai Sawu ya kurɓi shayinsa.

“Ban sani ba. Na ji abin da ka faɗa jiya da kunnena, na ga lakar takalminka. Shi ya sa na fara da kai.” Ya ajiye kofin a kan benci. “Na bi sawun mutane da yawa a rayuwata, kullum addu'ata in cim musu. Yau ne kaɗai na bi sawu ina roƙon Allah ya karkatar da shi.”

Tela ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon ya yi kamar bai gani ba, ya ba shi lokaci. Can ya nuna masa wani siririn farin layi a jikin tsaunin da ke fuskantarsu, ya ce an gaya masa ruwa ne ke zubowa daga sama a can, kuma akwai hanyar ƙafa da ke kaiwa. In gwiwa ta yarda, gobe da hantsi su je su uku su gani kafin su koma gida.

Tela ya share fuska da hannun riga, ya ce in gwiwar ta ƙi, shi zai goya shi.